Maganin Ƙirjin Baba Ya Ƙare a Komin Rago

Assalamu alaikum 'yan wannan gida, manya da ƙanana. Admin, don girman Allah ka saka mini wannan ba tare da sunana ba. Shawararku nake roƙo, kuma ta gaggawa, don motar da za ta mayar da mahaifina ƙauye ranar Alhamis za ta tashi, yau kuwa Litinin. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na fi sati biyu ina haɗiye maganar nan ni kaɗai, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a Zango nan cikin Damagaram, ina da aure da 'ya'ya uku. Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye gaba da Damagaram Takaya. Innarmu ta daɗe da rasuwa, Baba yana zaune gida ɗaya da wana wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya, da matarsa. Zan kira shi Yaya kamar yadda na saba, ko da yake kwanan nan sunan ma nauyi yake yi mini a baki. Ni kuma Baba ba ya faɗin sunana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake ce mini tun ina rarrafe.

Duk mai dangi a ƙauye ya san abin da farin shekarun nan ya yi wa mutane. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ba kara, ba harawa, ba ƙaiƙayi. Bana da bazara ta matsa sai aka koma kwance tsohuwar jinkar rumbuna ana ba dabbobi, tunda dai rumbunan ba kome a cikinsu. Baba ya kwance namu guda biyu da hannunsa, ciyawa ce ta shekara da shekaru, duk ta yi baƙi ta yi fumfuna, shi ke kaɗe ta, shi ke daddatsa ta, yana shaƙar wannan ƙurar safe da yamma. Daga nan tari ya fara, tun yana cewa mura ce har ta kai daga ɗakinsa zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya sau biyu yana neman numfashi. Ba wanda ya gaya mini. Wata ƙawata da ta je biki garin ce ta dawo ta ce, ke kina nan kina taka keke, ubanki yana can ya koma ƙashi da rai. Washegari na bar ɗinkin mutane na shiga mota na ɗauko shi.

A asibiti aka yi masa radiyo, wato hoton ƙirji, aka gwada kakinsa, aka ce ba tarin tibi ba ne, huhunsa ne ya kumbura saboda ƙurar ruɓaɓɓiyar ciyawar nan. Likitan da ya duba shi mutum ne mai haƙuri, ya rubuta ordonas, takardar sayen magani, ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma zan maimaita shi nan don duk abin da ya faru daga wannan bayanin ya taso. Ƙwayoyi ne farare ƙanana, firednizolon sunansu. Ya ce Baba zai sha shida-shida kullum har sati biyu, da safe, sau ɗaya, bayan ya sa wani abu a cikinsa ko da koko ne, don ba a shan su da yunwa, suna cin ciki, kuma in aka sha da yamma suna hana barci. Bayan sati biyun sai biyar-biyar sati guda, sai huɗu-huɗu, sai uku-uku, sai bibbiyu, sai ɗai-ɗai, sannan a dawo randebu, ranar da ya sa mana, ya sake dubawa. In an manta aka tuna a ranar sai a sha, in kuwa rana ta wuce kada a haɗa na jiya da na yau. Kada a haɗa masa da maganin ciwon jiki na 'yan tebur. Ya ce zai yi ta jin yunwa, fuskarsa za ta ciko, sukari da jini, wato tansiyo, suna iya hawa, duk kada mu tsorata amma mu riƙa aunawa.

Sannan ya ɗaga yatsa ya ce abu ɗaya ne ba ya so na manta ko da na manta sauran. Ya ce jikin mutum da kansa yana yin irin wannan sinadarin, to idan ya kwana biyu yana samu daga waje sai ya saki jiki ya daina yin nasa. Shi ya sa ake ragewa a hankali kamar yaye, don jiki ya farka ya koma aikinsa. Wanda ya yi makonni yana sha aka yanke masa rana ɗaya, jikinsa zai wayi gari ba na waje ba na ciki, kuma wannan yana iya kisa. Ya ce ƙwaya ɗaya ta satin ƙarshe ba ta fi shidan farko arha ba. Na maimaita masa duka da bakina, ya ce madalla.

Sati biyun farko a gidana Baba ya yi su, kuma wallahi magani ya yi. Kwana biyar ya fara cin tuwo yana neman ƙari, tarin ya lafa, har yana fita bakin titi kallon 'yan kabu-kabu yana yi musu addu'ar shiriya. Amma kun san dattijon ƙauye da gidan suruki. Maigidana mutumin kirki ne, har ɗakin zaure ya share masa ya sa fanka, to Baba in ya ji motsin maigidan a tsakar gida ba ya fitowa ko kewayawa, ba ya cin abinci in yana nan, ya gwammace ya matse har ya fita. Ranar da sati biyu suka cika ya naɗe tabarmarsa ya ce, “Uwata, mutum ba ya tsufa a zauren mijin ɗiyarsa. Ki kai ni tasha.” Na yi magiya, maigidan ya yi, ko gezau.

Tunda Baba ba ya karanta boko, Yaya ma sama-sama, sai na yi abin da hannuna ya iya. Na ɗebi ƙyallayen atamfa na ɗinka 'yan jakunkuna biyar, kowace da kalarta, na ƙirga ƙwayoyin kowane sati na zuba. A bakin kowace jaka na yi ƙulli da farin zare daidai da adadin da zai sha a rana, ja ƙulli biyar, shuɗiya huɗu, kore uku, ruwan ɗorawa biyu, baƙa ɗaya. Ko makaho ya shafa zai gane. Na raka shi har gida, na zaunar da Yaya da matarsa a gabansa, na yi musu bayanin likita daga farko har ƙarshe, musamman maganar yankewar nan, na faɗa sau uku. Yaya har yana yi mini dariya wai na zama doktoro da keken ɗinki. Ya ce in tafi da kwanciyar rai, ubanmu ne duka. Baba ba shi da salula, ta Yaya nake kira, kullum na kira sai ya ce lafiya lau, Baba yana masallaci, ko Baba yana gona, ko rezo ba kyau, layi ba ya shiga.

Sati biyu da 'yan kwanaki bayan haka, ranar kasuwa da hantsi, ina tsakiyar yanka wani leshi aka kira ni daga tasha wai in zo ga Baba an kawo. Abin da na gani a bayan motar nan ba zan manta ba. An kwantar da shi kan buhuna, ya yi amai har rigarsa ta bushe da shi, idonsa ya faɗa, ba ya iya ɗaga kai, in an zaunar da shi sai jiri ya mayar da shi, numfashin nan kuma ya dawo yana fita da ƙyar. A urjansi, ɗakin gaggawa na asibiti, suka ce tansiyonsa ya faɗi ƙasa ƙwarai, aka sa masa ƙarin ruwa aka yi masa allurai a jijiya. Da likitanmu ya zo tambayar farko da ya yi ita ce, ƙwaya nawa yake sha yanzu. Na ce uku, yana jakar kore. Sai Baba ya buɗe ido da ƙyar ya ce, “Ai na daina. Kwana shida ke nan. Uwata ce ta bugo ta ce likita ya ce a tsaya, na warke.”

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Likita ya juyo ya dube ni, mutumin da ya ɓata lokacinsa ya yi mini bayani har na maimaita masa, ya ce madam, me na gaya miki? Na dubi Yaya, yana tsaye jikin ƙofa yana duban takalminsa. Ban ce kome ba a lokacin, don Baba yana tsakanin rai da mutuwa, ba wurin tone-tone ba ne. Na sha faɗan likita tas a gaban 'yan jinya, na ce a yi haƙuri.

Da muka fito waje na tsare Yaya. Da farko ya ce wai rezo ne, wai na ce “a tsaya kan huɗu” shi kuma ya ji “a tsaya”. Na ce ban taɓa faɗin haka ba, kuma in ma haka ne ina jakunkuna ukun da suka rage, likita yana son ganinsu. Ya ce suna gida. Na ce to gobe zan je na ɗauko, da ma Baba yana bukatar kayan sawa. Ya ce a'a shi zai je, na ce shi ya zauna da ubansa ko sau ɗaya. Daga yadda ya riƙa zufa yana canza magana na san akwai abin da ke ƙasa, amma wallahi tunanina bai wuce ko sayar da su ya yi ba. Ashe da sayarwar ce da ta fi mini sauƙin haɗiya.

Na isa gidan da azahar. Na duba ɗakin Baba, ƙarƙashin matashi, cikin gafaka, bayan ƙofa, jakar ja da shuɗiya kaɗai na gani, wayam. Na zaga bayan gida inda ake ɗaure dabbobi don na gaida matar Yaya, tana can tana jiƙa dusa. Raguna uku ne a turke, biyu na sayarwa, ɗaya fari mai baƙin wuya wanda Yaya ke turkawa don layyar Baba. Ina ɗaga ido sai ga koren ƙyallena, atamfar da na ɗinka wa wata amarya bara, ɗaure a jikin turken farin ragon da ƙullinsa uku na farin zare. Kusa da komi ga wani ɗan dutse mai faɗi duk ya yi fari da garin ƙwaya. Ruwan ɗorawar tana cikin toka, akuya ta tauna gefenta. Matar Yaya ta ga inda nake kallo sai ta saki muciyar ta fashe da kuka. Ta ce ita ta hana, Yaya ya ce ta rufe masa baki. Ta ce tunda ya ga fuskar Baba ta ciko yana cin tuwo malmala biyu, sai ya ɗauki katin maganin da ya ƙare ya kai kasuwar dabbobi, 'yan turka masu ƙosar da raguna suka gaya masa ai dangin sha-ka-fashe ne, wanda wasu mata ke sha don ƙiba, su ma suna daka shi cikin dusa in sallah ta matso. Ya dawo ya jira Baba ya gama shuɗiyar jaka, ya ce masa na bugo.

Na tsaya ina kallon ragon nan, shi ma yana kallona yana tuƙa. Ya kumbura kam, cikinsa ya yi tulu, gashinsa na sheƙi a garin da kowace dabba ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Numfashin ubana ne a cikin cikin dabbar nan. Na kwance koren ƙyallen na sa a jakata, yana nan wurina har yanzu, yana warin dusa da fitsarin rago.

Da na dawo na nuna wa Yaya, sai ya daina maganar rezo. Amma kada ku zaci kunya ya ji, hujjoji ya shiga jero mini. Wai Baba ya riga ya warke, kowa ya gani. Wai maganin da ake ragewa ai mai ƙarewa ne, da yana da amfani da ba a rage shi ba, mutumin da ya sha shida-shida me ɗaya za ta yi masa. Wai ragowa ce, kuma a ƙauye ba a zubar da ragowar magani a shekara irin wannan. Wai ni ina birni ina cin shinkafa, ban san abin da ake ji ba in dattijo kamar Baba, wanda bai taɓa fashin layya ba tun muna yara, ya fito da rago mai kama da kare a gaban sa'o'insa. Har da cewa don Baba ya yi, mutuncin Baba yake karewa. Na ce masa mutuncin gawa ko? Na ce na yi maka bayani sau uku, kana yi mini dariya. Na ce to duk na ji, me ya sa ka sa sunana? Ya ce don Baba ba ya musu da maganata. Ku ji fa. Ya san Baba ya yarda da ni, shi ne ya ɗauki yardar ya yanka shi da ita.

Daga ƙarshe ya koma roƙo, ya haɗa ni da Allah da kabarin Inna kada na gaya wa Baba. Ya ce Baba zai tsine masa, kuma wannan ba ƙarya ya yi ba, na san halin ubana, akwai ƙanensa da suka yi shekaru ba sa gaisawa a kan iyakar gona har ƙanen ya mutu. Ban yi masa alkawari ba. Amma abin da ya hana ni sakewa shi ne abin da ya biyo baya. Bayan kwana biyu, na dawo daga farmasi da sabon maganin Baba a leda, muna tsaye a barandar asibiti, sai ya leƙa ledar ya ce, “Irin wancan ne aka sake ba shi?” Ya yi maza ya ƙara da cewa tambaya ce kawai. Mutumin da ubansa ke kwance da robar ruwa a hannu saboda shi, idonsa yana kan leda. Raguna biyun sayarwa suna can a turke, sallah saura kwana goma sha ɗaya yau, kuma kowa ya san yadda ake rububin rago mai jiki bana.

Baba ya yi kwana takwas a asibiti, Allah ya tashe shi. Likita ya ce ciwon huhun ya dawo saboda yankewar, dole a sake daga shida, kuma wannan karon saukowar za ta fi tsawo, wata biyu cur, har da rabi-rabi a ƙarshe. Ya ce mini a fili, dattijon nan ya tsallake sau ɗaya, kada a sake gwada shi. Ya ƙi ma ba ni ordonas ɗin sai da ya sa wata anfirmiya, ma'aikaciyar jinya, ta sake yi mini bayani da Hausa a hankali, kamar wadda ba ta da hankali. Na tsaya na saurara, na ce na gode.

Ranar da aka sallame shi muka dawo gidana, 'yan uwa na unguwar Birni suka zo dubiya, zaure ya cika. A nan ne Baba ya yi abin da ya fi kome ƙona mini rai. Ya kira ni ya ce in zauna kusa da shi, ya dafa kaina a gaban kowa ya ce, “Ku shaida, na yafe wa Uwata. Kuskure ne, aiki ya yi mata yawa, ga ɗinki ga yara. Kada na ji wanda ya sake tayar mata da maganar.” Mutane suka yi ta Allah sarki, Allah ya yi wa Malam albarka. Wata gwaggonmu ta ce in riƙa rubuta abu in an gaya mini, tunda kaina ba ya riƙewa. Yaya yana zaune a wurin, har da shi a masu cewa amin. Ban taɓa sanin yafiya tana iya zama abin ƙyama ba sai ranar. Na shiga ɗaki na wanke fuskata na fito na ci gaba da raba ruwa.

To ga inda nake yanzu. Baba ya rantse ba zai yi sallah a gidan suruki ba, Alhamis zai tafi. Na ɗinka sababbin jakunkuna takwas, na yi ƙulle-ƙullena, na ƙirga na sake ƙirgawa. Shekaranjiya ya gan ni ina zubawa sai ya ce, cikin lallashi don kada na ji haushi, “Wannan karon ki damƙa su hannun yayanki. Shi ba ya mantuwa, kuma shi ke kusa da ni. Ke ki huta.” Sannan ya shiga ba ni labarin ragon, wai duk garin ba irinsa, wai har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallo, wai Allah ya ba ɗansa hannun kiwo, a shekarar da ba ciyawa ya tayar da dabba haka. Yana faɗa fuskarsa tana haske, rabon da na ga Baba yana murna haka tun kafin farin nan.

Na juya abin ta kowace fuska. In bi shi ƙauye in zauna, sati ɗaya zan iya, shi ma sai na mayar wa mutane ɗinkin sallarsu da ba a gama ba, amma wata biyu da yara uku a lakwal suna karatun boko ba zai yiwu ba. In ba matar Yaya ta ɓoye, ita da ko muciya ba ta iya ɓoye masa, zan jefa ta cikin masifa ne kawai. Akwai dispanse, ƙaramin asibiti, a garin da ke kusa, na yi tunanin in kai wa majo, shugaban wurin, ya riƙa ba Baba kullum, amma tafiya ce mai nisa ga mai ciwon ƙirji, kuma Baba zai tambaya me ya sa ba a yarda da ɗansa ba. In riƙa aika jaka ɗaya duk sati ta hannun direba, hannun Yaya dai za ta faɗa, kuma wanda ya iya cewa na bugo sau ɗaya zai iya ba shi biyu a maimakon huɗu ya ce haka na ce. In tsorata Yaya da cewa zan tona, na riga na yi, ya ce to, ya rantse, amma ai wancan karon ma cewa ya yi in tafi da kwanciyar rai.

Saura hanya ɗaya, in ɗauko koren ƙyallen nan in ajiye gaban Baba in gaya masa kome. In na yi haka maganinsa zai zauna a aljihunsa, ba mai sake yi masa ƙarya da sunana, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina so sunana ya wanku, ni ma mutum ce. Amma na san abin da zai biyo. Ba zai yanka ragon nan ba, ba zai sake cin tuwon gidan Yaya ba, ba kuma zai zauna gidana ba, to wa zai dama masa kokon da zai sha maganin a kansa? Ga tansiyo da likita ya ce maganin yana tayarwa. Ina tsoron in cece shi daga ɗansa in kashe shi da baƙin ciki. In kuma na yi shiru aka sake kawo mini shi kan buhuna, ko aka kira ni aka ce in zo an gama, wannan karon ba ƙarya a ciki, da hannuna na miƙa.

Maigidana ya ce maganar gidanmu ce, shi suruki ne, ba ya sa baki, amma duk abin da na yanke yana bayana. Na tambayi wani likitan dabbobi da matarsa ke kawo mini ɗinki, ban ce ragon wa ba ne, ya ce yawancin wannan ƙibar ruwa ce ba nama ba, kuma shi ba ya ba kowa shawarar cin dabbar da aka ɗura wa magani haka dab da yanka. Malaman da ke cikin gidan nan, ban ma sani ba ko layya tana hawa da dabbar da aka ƙosar da abin da aka sace daga bakin mai layyar, ku taimaka mini da wannan ma.

Yau da safe na kai wa Baba koko da ƙosai, na tsaya har ya haɗiye ƙwayoyinsa shida. Na juya zan fita sai ya kira ni. Ya ce ya lura kwana biyu ba na dariya, ya san maganar nan ce ke cina, shi kuwa ya riga ya wanke zuciyarsa. Ya ce don in tabbatar, ranar sallah in zo da yara, hantar ragon nan tawa ce, shi da kansa zai gasa mini ita, ba wanda zai ɗanɗana kafin ni.

Na ce to Baba, Allah ya kai mu. Na fito na zauna gaban keke, jakunkuna takwas suna kan cinyata, koren ƙyallen yana cikin aljihun keken. Don Allah ku gaya mini, iyayena da yayyena na wannan gida, musamman waɗanda suka taɓa jinyar tsoho. Ranar Alhamis a tasha, wanne zan miƙa, kuma a hannun wa?